Asibiti Huɗu a Dare Ɗaya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya leƙa Bukares, babban birnin Romaniya, inda Cristi Puiu ya shirya fim ɗinsa na 2005, Moartea domnului Lăzărescu, wato mutuwar Malam Lazarescu. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a shekarar da ya fito.

Malam Lazarescu dattijo ne da ya haura shekara 60, yana zaune daga shi sai kyanwoyinsa uku. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana Kanada. Ciwon kai da amai suka sa ya kira motar asibiti, daga nan aka shiga yawo da shi, a daren da wani mummunan hatsarin bas ya cika ɗakunan gaggawa. Likitan da ya ji warin giya a bakinsa sai ya fara da faɗa kafin ya duba shi.

An tallata fim ɗin a matsayin na barkwanci, kuma mutum kan yi dariya, musamman a wurin maƙwabta masu kawo abinci da ƙwayoyin magani da shawarwari barkatai. Amma dariyar takan tsaya a maƙogwaro.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne asibiti na uku. Hoto ya riga ya nuna jini ya taru a kansa, tiyata ake bukata ba tare da jinkiri ba. Sai likitoci suka ce dole ya sa hannu a takardar amincewa, alhali ciwon ya riga ya rikita masa magana da hankali. Mioara, ma'aikaciyar jinyar da ta ɗauko shi daga gida, ta roƙe su, suka ci mata fuska, wai ta san matsayinta. A ganina yawancinsu ba mugaye ba ne. Gajiya ta cinye su, kuma kowa yana tsoron kada dattijon ya cika a hannunsa a ɗora masa laifi, shi ya sa takarda ta fi majiyyaci muhimmanci. Ita kuwa Mioara, wadda ta fi su ƙarancin iko, ba ta rabu da shi ba har asibiti na huɗu.

Kada a ɗauka ƙirƙira ce zalla. A 1997, a wannan birnin, asibitoci da dama sun ƙi karɓar wani majiyyaci, ma'aikatan motar asibiti suka ajiye shi a titi, ya rasu. Daga wannan labari aka samo tushen fim ɗin.