Ƙwarin Fatsar da Kifin Tirawut Ke Ƙi

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla. Malam, karɓi wannan ɗan akwatin, ka duba ka miƙa wa na kusa da kai, ya zagaya. A yi hattara da yatsu, kowane ɗaya da ƙugiya a cikinsa, kuma ba ta san babba ba. (dariya)

Abin da ke ciki ƙwari ne na ɗauri. Ƙugiya ake ɗaukowa, a naɗe ta da zare da gashin tsuntsu da na dabba har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Babu tana, babu koto, babu wari, da ido kaɗai za ka yaudari kifin. Kifin kuwa sunansa tirawut. Ba tarwaɗa ba Hajiya, tirawut. Kifin ruwan sanyi ne mai gudu, in zafin ruwa ya haura digiri 20 ya fara galabaita ke nan, shi ya sa asalinsa Turai da Arewacin Amurka da wasu sassan Asiya. Sana'ar kuma ba ta yau ba ce. Wajen shekara 1800 da suka wuce wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin masunta a Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara biyu, su kama kifi mai ɗigo-ɗigo. Jan ulu da gashi biyu. Ku riƙe wannan.

Abu huɗu zan faɗa da ke sa ƙwaro ya kasa kama kifi: girmansa, kayan da aka yi shi da su, yawan kwalliya, da yadda yake tafiya a ruwa.

Girma ba sai na daɗe ba. Lambar ƙugiya a baibai take, lamba 10 ta fi 18 girma nesa. In kifi yana cin ƙananan ƙwari ka jefa masa ƙato, zai taso, ya duba, ya juya. Yawancin masu koyo babba suke ɗaurawa saboda ya fi sauƙin riƙewa a hannu.

Na biyu, kaya. Ƙwaron da ake so ya tsaya a saman ruwa yana buƙatar gashin wuyan zakara, mai tauri, mai tsini, wanda zai dafa fuskar ruwa bai nitse ba. Sa masa gashin kaza mai laushi, jifa biyu ya sha ruwa ya nitse. Wanda kuma ake so ya nitse, akasin haka ne, gashi mai laushi yake so, wanda zai riƙa buɗewa yana rufewa kamar mai numfashi. Akwai wani gashi na kusa da gindin wutsiyar agwagwa, inda take ɗibar man da take shafa wa jikinta. Yana riƙe iska, yana yawo a saman ruwa da kyau, amma in ka shafa masa man da ake shafa wa sauran ƙwari don kada su nitse, ka kashe shi, silinsa ya manne. Sannan launi. Wannan yana cin mutane. Ka zaɓi ulu a ɗaki ƙarƙashin fitila, launi ya yi maka daidai, ka tsoma shi a ruwa ya yi duhu ya koma wani abu dabam. Kifi bai taɓa ganin busasshen ƙwaronka ba. Jiƙaƙƙe yake gani. Don haka ka ajiye kofin ruwa kusa da kai in kana ɗauri.

To yanzu bari in kai ku kudancin Ingila, don nan ne zuciyar maganata. Akwai rafuka a can da ruwansu ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutsen alli: Test, Itchen, Avon. Garau suke, kana tsaye kana ganin kifi, shi ma yana ganinka. A kan Test aka yi wani attajiri, Frederic Halford, wanda ya rasu a 1914. Mutum ne mai ƙwazo, ba na raina shi. Ya yi imani cewa ƙwaro sai ya yi kama da na gaske sak, kuma a saman ruwa kaɗai ya dace a kama kifi. A 1910 ya fitar da jerin ƙwari 33, namiji dabam, mace dabam, har launin idon namijin ya kwaikwaya da gashin doki da aka rina. Ido fa! A kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Aiki ne na ban mamaki. Amma ku leƙa akwatin masu kamun tirawut na yau, da wuya ku ga ɗaya daga cikin 33 ɗin nan.

Sai wani lauya, George Skues, da ke su a Itchen kusa da Winchester, ya ce jama'a, ku duba da kyau, kifin nan yawancin cinsa a ƙarƙashin ruwa ne, yana kama 'ya'yan ƙwarin kafin su yi fiffike. Kai, aka yi masa ca. A 1938 har muhawara aka shirya a ƙungiyar masu wannan kamun a Landan, aka taru a kansa, kuma a shekarar ya bar wurin da ya yi fiye da shekara hamsin yana su. Tsoho mai shekara tamanin. Wannan abin yana taɓa ni duk lokacin da na tuna.

Amma wanda nake so ku tafi gida da sunansa shi ne Frank Sawyer. Ba attajiri ba ne, ba lauya ba ne. Mai gadin kogi ne a Avon, wajen ƙauyen Netheravon, aikinsa yankan ciyawar ruwa da gyaran gaɓa da kula da kifi. An haife shi a 1906, ya rasu a 1980. Mutumin nan ya kwanta rub da ciki a bakin ruwa shekara da shekaru yana kallo. Me ya gani? Ya ga cewa ɗan ƙwaron nan in yana iyo, naɗe ƙafafunsa yake yi su manne a jiki. Wato duk masu wahalar ɗaura ƙafa shida a ƙwaronsu, suna ɗaura abin da kifi ba ya gani a lokacin da yake farauta. Sai ya cire ƙafa gaba ɗaya.

Wa ke riƙe da akwatin? Alhaji, duba layin ƙasa, na ƙarshe a hagu, wani ɗan siriri ruwan ƙasa wanda ba shi da fasali. Shi ne. Ɗaga shi su gani. Ba za su gani ba ma. (dariya) Sunansa Pheasant Tail. Abu biyu ne kacal a jikinsa ban da ƙugiya: siririyar wayar jan ƙarfe, irin ta cikin tsohuwar na'urar lantarki, da 'yan silin gashi kamar huɗu daga wutsiyar namijin fezan, wani tsuntsun daji mai doguwar wutsiya. Ko zare babu. Wayar ce zaren, wayar ce nauyin. Zai naɗa ta a ƙugiya, ya tara ta kaɗan wajen kai ta yi ɗan tudu kamar ƙirji, ya ɗaura silin ya bar tsininsu a baya su zama wutsiya, ya murɗa sauran tare da wayar ya naɗe jiki, ya ninka ragowar a kan tudun. Shi ke nan. Minti biyu.

Me ya sa yake kamu? Saboda siriri ne kuma da nauyi, yana huda ruwa nan take ya sauka daidai inda kifi yake. Ƙwaro mai kauri da gashi buzu-buzu, kafin ya nitse ruwa ya riga ya wuce da shi ta saman kan kifin. Sannan Sawyer yana da wata dabara: in ƙwaron ya zo dab da hancin kifi, sai ya ɗan ɗaga sanda, ƙwaron ya taso sama kamar mai gudun tsira. Kifin da ya yi biris da shi sai ka ga ya wawure shi. Na sha tsayawa a bakin rafi ina kallon wannan. Ba ka ganin ƙwaron. Abin da kake gani kawai farin cikin bakin kifin ya buɗe ya rufe, walƙiya ɗaya, sai ka ja.

Waya da gashi huɗu. Ina maimaitawa ne da gangan. A can ƙwari 33 har da ido, a nan waya da gashi huɗu, kuma har gobe da shi ake su daga Ingila zuwa Amurka zuwa Niyu Zilan. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yana da wani ma, Killer Bug, da ulun ɗinkin safa na kamfanin Chadwick's mai lamba 477. A bushe toka-toka ne, in ya jiƙe sai ya ɗan yi ja-ja kamar ƙaramin jatan landen rafi. Kun ga maganar kofin ruwa ta dawo. An daina yin ulun tuntuni, yanzu mutane suna sayen ragowarsa da tsadar gaske, suna zaton sirrin yana cikin lambar. Sawyer abin da ke kusa da shi ya ɗauka, ya jiƙa, ya duba.

Na nawa muke? Na biyu? A'a, ai na cinye na uku a cikin wannan. Kwalliya dai. Gashi ya yi yawa, ya toshe bakin ƙugiya, kifi ya kama ka ja ba ta shiga ba. Ko ya riƙa juyawa a iska yana murɗe siririn zaren gaba. Ƙyalƙyali ya yi yawa a ruwa mai haske, kifi ya tsorata. Ga kuma na roba da ake yi yanzu masu kama da ƙwaro sak, har da gaɓoɓi, amma sandararru ne, babu abin da ke motsi a jikinsu. Alhali ƙwaron da ake kira Adams, wanda Leonard Halladay ya ɗaura a jihar Mishigan ta Amurka a 1922, toka-toka ne kawai, bai yi kama da wani ƙwaro takamaimai ba, kuma shekara ɗari ke nan yana kamu.

Na ƙarshe kuma, lokaci ya tafi. Ƙwaro na gaske ruwa ne ke tafiya da shi. In igiyarka ta ja naka ya riƙa tsaga ruwa yana barin layi a bayansa, ko wane gwani ne ya ɗaura shi kifi ba zai taɓa ba. Sau da yawa ana zagin ƙwaro alhali laifin jifa ne.

Na'am, ranka ya daɗe? A ba shi abin magana.

Tambayarsa ita ce, shin tsadar gashi ba ta ƙara kamu, kuma gashin tsuntsayenmu zai yi? To, ka taɓo wani wuri. A 2009 wani ɗalibi Ba'amurke mai koyon busa sarewa a Landan ya fasa gidan adana kayan tarihi na garin Tring a Ingila, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, wasu tun ƙarni na 19 aka tattaro su don bincike. Ya riƙa fige su yana sayar wa masu ɗaurin ƙwarin kifin salmon irin na zamanin Sarauniya Biktoriya. Yawancin irin waɗannan ƙwarin ba sa taɓa ruwa, a gilashi ake kafe su. An yi asarar abin da ba ya dawowa saboda ado, ba saboda kifi ba.

Gashinmu kuwa yana yi, sosai ma. Gashin zabo sananne ne a wannan sana'a, ana sayar da shi a shagunan Turai saboda ɗigon nan nasa. Gashi mai laushin da suke kira marabu, asali daga babba-da-jaka ake samunsa, yanzu na talo-talo ake amfani da shi. Kuma a Kenya, inda aka kai tirawut a 1905 ya zauna a rafukan tsaunuka, akwai masana'antu da ma'aikata ke ɗaure ƙwarin da ake sayarwa a Turai da Amurka. In za ka gwada zabo, kada ka ɗauki na fiffike, ya yi tauri. Nemi ƙananan na wuya da ƙirji, ka zare gefe ɗaya na gashin, ka naɗa sau ɗaya ko ɗaya da rabi a bayan idon ƙugiya, kada ka ƙara. Ina da zare da ƙugiya a jaka, duk mai so ya tsaya bayan an tashi in nuna masa. Alhaji, a dawo min da akwatin, akwai wata tambayar a can baya?