Wayar Hannu da Karatun Matasa: A Wajen Wa Ka Ji?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, shugabannin makaranta, da ku ƙannena ɗalibai, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan waya da karatun yara. To, wani ɓangaren ya riga ya wuce gardama. Tun 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir, jarrabawarta ta koma kwamfuta gaba ɗaya. WAEC ma ta fara bin sahu a 2024 da masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Uban da ya rantse ɗansa ba zai taɓa na'ura ba, sai ya shirya ganin yaro ya san amsa amma hannu na rawa.

Abin da na fi so mu lura da shi shi ne yadda yaranmu suke neman sanin. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, duk wanda ke sakandare yau tarar da ita ya yi. Kuma yawancinsu ba karantawa suke yi ba, saurare da kallo suke yi. Lissafi ya shige wa yarinya duhu, sai ta buɗe YouTube, ta maimaita bayanin har ya zauna, ba mai tsawa, ba 'yan aji masu dariya. Wannan alheri ne, kada mu raina. Ku je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku ga samarin da bidiyo ya ƙara wa gwaninta a gyara. Sai dai alherin bai game kowa ba. Da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo ne ya kai darasi gidaje da yawa, domin data kuɗi ce, caji ma kuɗi ne. A 2021 kuwa, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, mai waya da marar waya duk ɗaya suka zama.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A karatun zaure, in mutum ya kawo mas'ala, tambayar farko ita ce: a wajen wa ka karanta? Wane ya ba ni Ahalari, wane ya ba ni Iziyya, Risala kuma a zauren wane. Ilimi da sunan mai shi yake tafiya. Yau fa? Guntun bidiyo na daƙiƙa 30 a TikTok, an yanke kai an yanke gindi, ko saƙon murya da aka yi ta turawa a WhatsApp har ba a san bakin da ya fito ba. Ka tambayi yaro, ya ce "a waya na gani". Waya ba malama ba ce, 'yar aike ce.

Daga ƙarshen 2022 kuma ChatGPT da ire-irensa suka shigo, abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Na'urar tana hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya ne, daga tarin rubutun da aka horar da ita a kai. Shi ya sa takan ƙago sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, ta faɗe shi ba ko gezau. Da Hausa abin ya fi muni, don rubutunmu a intanet kaɗan ne in an gwada da na Turanci.

Saboda haka, malamai, Allah ya gafarta muku, ina roƙon abu guda. In kun ba da aikin gida, ku bar yaro ya duba waya, amma ya rubuta wanda ya faɗa, da inda ya faɗa, da shekarar. Kashegari ya miƙe a gaban aji, waya a aljihu, ya yi bayanin da bakinsa, 'yan'uwansa su yi masa tambaya.

Na ga ana yi mini nuni da agogo. Masu tambaya, bismillah, mu fara da ɓangaren mata.