Kwamfuta ta ƙi tashi bayan sabunta Windows: yaushe ake kashe ta, yaushe ake barin ta?

[Hoto: kwamfutar tebur a shagon buga takardu a Sakkwato. Allo ya yi shuɗi, ta mutu, ta sake tashi.]

Assalamu alaikum jama'a. Kun ga abin da take yi. Jiya da dare ta sauke sabuntawar Windows, yau da safe ta kama wannan rawar, ga ɗaliban Jami'ar Ɗanfodiyo sun yi layi da filash a hannu.

Akwai maganar da ke yawo a WhatsApp kwanan nan, wai ka kashe ta sau uku za ta gyaru. Maganar tana da asali, domin Microsoft da kansu sun rubuta wannan hanya. Matsalar ita ce an yanke mata rabi, ba a faɗi lokacin da ake kashewar ba, kuma a nan ne kwamfutocin mutane ke lalacewa.

Kafin mu je can, abu biyu da sauri. Ɗauki hoton allon da wayarka, musamman rubutun da ke ƙasa bayan Stop code. A sabon Windows 11 allon ya koma baƙi, amma rubutun yana nan. Sannan cire firinta, filash, sikana, duk abin da ke jikin USB, ka bar kibod da linzami kawai. Wani lokaci a nan ma magana ke ƙarewa.

[Hoto: alluna biyu gefe da gefe.]

To, ku dubi waɗannan biyun da kyau. Dukansu suna da ɗigo-ɗigo masu juyawa, shi ya sa ake rikita su. Na hagu tambari ne kawai, na HP ko Dell ko Windows, babu rubutu. Na dama akwai lamba, kashi 30, kashi 75, da rubutun Turanci mai cewa kada ka kashe kwamfutarka.

Idan na dama ka gani, janye hannunka. A wannan lokacin Windows tana musanya fayilolinta ne, ta ɗauke tsoho tana ɗora sabo. Kamar kafinta ne ya kware tsohon kwanon ɗaki, sabon bai gama hawa ba, ka ce ya sauko. Sa'a ce idan Windows ta iya mayar da kanta baya. Idan ba ta iya ba, kai ne ka jawo shuɗin allon da hannunka. Lambar tana iya tsayawa wuri ɗaya ta daɗe, musamman a tsofaffin injina masu faifan ajiya mai juyawa. Dubi ƙaramar fitilar faifan da ke gaban akwatin, ga ta nan. Muddin tana ƙyaftawa, aiki ake yi. Ni a ganina ka ba ta awa biyu kafin ka ce ta maƙale. Na sani, awa biyu a kan janareta kuɗi ne, amma bai kai asarar aikin mutane ba.

Na hagu shi ne wurin kashewa. Kuma kashewar ba ita ke gyara ba, ƙofa kawai take buɗewa. Windows tana ƙirga tashin da bai kammala ba. Idan ta kasa tashi sau biyu a jere, a na uku sai ta kai ka ɗakin gyara da kanta. Saboda haka lokaci ne komai. Idan ka yi sauri ka kashe kafin ɗigon su fito, Windows ba ta fara tashi ba tukuna, ba za ta ƙirga ba. Idan ka bari har ta kai wurin saka kalmar sirri, a wajenta ta tashi lafiya, nan ma ba ta ƙirga ba.

[Hoto: yatsa a kan maɓalli, kusa sosai.]

Ku kalla. Kunna. Tambari ya fito, ɗigo sun fara juyawa, yanzu danna maɓallin ka riƙe, daƙiƙa 10, har fanka ta yi shiru. Sake kunnawa, ka maimaita. A na uku kada ka taɓa komai. Kuma da maɓalli ake yi, don Allah ba da fizge waya daga soket ba.

Ga shi, Preparing Automatic Repair. Idan ta gama, danna Advanced options, sannan Troubleshoot.

Tsaya nan. Abin da ke sama, Reset this PC, kada ka taɓa shi yanzu. Ko ka zaɓi a bar maka fayilolinka, zai share manhajojin da ka saka, su Office da CorelDRAW da na firinta. Na ƙasansa za ka shiga, Advanced options, sannan Uninstall Updates.

Zaɓi biyu ne. Quality update ita ce ƙaramar sabuntawa ta wata-wata, wadda Microsoft ke fitarwa ranar Talata ta biyu a kowane wata. Da ita za ka fara. Feature update ita ce babba, mai canza sigar Windows gaba ɗaya, kuma kwana 10 kacal kake da su na komawa baya. Tsohuwar sigar tana cikin wata jaka mai suna Windows.old, don haka masu share ta don neman wuri, kun yanke hanyar komawa.

Idan ta nemi mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle faifan ajiya da shi, lambobi 48 ne, galibi suna cikin asusun Microsoft ɗin da aka buɗe kwamfutar da shi. Shiga da waya ka kwafo. Babu mai gyaran da zai tsallake maka shi, ko me ya ce maka.

[Hoto: allon Startup Settings.]

Ba ta tashi ba har yanzu? Koma Advanced options, Startup Settings, Restart, danna 4. Ka shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da ƙananan abubuwan dole kawai. Yanzu buɗe hoton da ka ɗauka. Idan ka ga VIDEO_TDR_FAILURE, ko sunan fayil kamar nvlddmkm.sys, direban katin hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa katin, wannan na kamfanin Nvidia. Shiga Device Manager, Display adapters, Properties, Driver, Roll Back Driver. Shi ke nan.

Idan kuma INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ne a kan kwamfutar gwanjo, ku duba agogon BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi: da kunnawa danna F2 a Dell, F10 a HP. In kwanan wata ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin nan ne ya mutu, CR2032, mai kama da kwabo. Mutuwarsa na iya juya saitin faifai tsakanin AHCI da RAID, hanyoyi biyu da injin ke magana da faifan, sai a ɗora wa sabuntawa laifin da ba nata ba. Canza batirin, mayar da saitin yadda yake.

Sai zafinmu. A watan Afrilu Sakkwato na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun watanni. Sabuntawa tana sa injin aiki sosai, shi ya sa kwamfutar da ke lallaɓawa take faɗuwa a ranar. Idan tana mutuwa ɗif babu shuɗin allo, cire wuta, buɗe murfin, hure ƙurar, cire RAM, wato siririn katin ƙwaƙwalwar injin, ka mayar har ka ji ƙas.

Da zarar ta tashi, kwashe muhimman fayiloli zuwa filash tukuna. Sannan shiga Windows Update ka danna Pause updates, tana ba ka har mako 5, in ba haka ba za ta sake sauke wadda ka cire. Masu Windows 10, tallafinta na kyauta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, amma kada ku tura Windows 11 a kan injin da ba shi da TPM 2.0, na'urar tsaron da Windows 11 ke buƙata, domin kowace babbar sabuntawa za ta iya dawo da ku wannan allon. Ranar da za ku bar ta ta sabunta, ku jona ta da UPS, akwatin batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko ku tabbata janareta na da mai.