Ai an ɗauke wuta, sai ka taɓa wayar lantarki?

[Hoto: fayif ɗin waya a jikin katanga, ya tsage]

Ga shi nan. Wannan fayif ɗin roba ne, a wani gida a Mabera. Ranar Sakkwato ce ta gasa shi. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, roba ta bushe ta koma kamar ƙwai. Akuya ta zo ta soshe bayanta a jiki, shi ke nan.

Tun da bidiyon nan ya zagaya na wani yana gyara irin wannan da hannu tsirara, tambaya ɗaya ake ta turo mini: "Malam, ai sun ɗauke wuta, mene ne abin tsoro?"

To, tsaya nan.

Wanda ya ɗauke wutar bai yi alkawari da kai ba. Zai dawo da ita kana riƙe da waya, volt 230, ba sallama. Don haka je ka wurin mita, ka sauke babban makunni. Ka mayar da canjoba, makunnin da ke sauya wuta tsakanin layi da janareta, tsakiya. Akwai sola? Kashe inbata ma, domin batir bai san an ɗauke wuta ba, yana nan yana turo tasa. Janareta, cire filoginsa.

Sannan testa, abin gwada wuta. Amma ita ka gwada ta tukuna a soket mai wuta, ko na inbata ko na janareta, kafin ka kashe komai, ka ga ta kama. Testar da ta mutu ko a kan waya mai rai shiru za ta yi maka. Bayan ka kashe komai, taɓa kowace waya da testar, ɗaya bayan ɗaya.

Ni har yaro nake ajiyewa a bakin makunnin. Na san halin gidanmu, wani zai fito neman fanka ya ɗaga.

Idan kuma fayif ɗin daga fol ɗin wuta yake zuwa mita, cire hannunka. Wannan layin na kamfanin rarraba wuta, Kaduna Electric, ne, makunninka bai kai can ba.

[Hoto: aikin cikin sauri]

Sauran kuna gani. Kwance wayar, zare ta, yanke ruɓaɓɓen fayif ɗin da zarto, sa sabo mai girma ɗaya da tsohon, milimita 20 ko 25, mahaɗi da gam, kilif a bango. Wayar da ta ɓare a canza ta, kada a naɗe da salatef a cusa ciki, damina na zuwa. Wannan ɓangaren kam kira mai wayarin.