Abin da ke ɓoye a bayan halin ɗalibi: ra'ayin Freud a cikin aji

Sallama gare ku malamai, musamman masu riƙe da azuzuwan SIL (ajin farko na firamare) zuwa CM2 (ajin ƙarshe) a Marwa, Garwa, Mokolo da Kusiri, da ku ɗaliban ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, da wannan darasi ke jiranku a jarrabawa. Yau za mu duba ra'ayin Sigmund Freud kan yadda halin mutum ke ginuwa, mu tace abin da zai yi muku aiki a aji.

Freud likitan jijiyoyi ne. An haife shi a 1856, ya yi kusan dukan rayuwarsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya rasu a Landan a 1939. Gindin maganarsa shi ne, yawancin abin da ke tuƙa mutum ba ya cikin saninsa. Tsoro, kishi, kunya, da abin da ya same shi yana ƙarami, zuciya kan danne su, amma ba su mutuwa. Sai su ɓullo ta wata kafa: a mafarki, a suɓul da baka, ko a halin da mai shi ma bai san dalilinsa ba.

A 1923 ya kasa halin mutum gida uku, waɗanda littattafanku na Faransanci ke kira ça, moi da surmoi. Na farko son rai ne tsantsa, da shi jariri ke zuwa duniya: yanzu nake so, ba an jima ba. Na biyu hankali ne mai duba zahiri, mai cewa dakata, ga hanyar da za ka samu ba tare da ka ji ciwo ba. Na uku muryar iyaye ce da ta shige cikin yaro, tana tsawata masa ko da ba kowa a wurin, kuma tana kafuwa ne wajen shekara 5 ko 6, daidai lokacin shiga SIL. Freud da kansa ya kwatanta na farko da doki, na biyu da mahayi: ƙarfi na doki ne, linzami na hannun mahayi, amma sau da yawa inda dokin ya nufa nan ake zuwa, mahayi yana riya shi ya zaɓa. Wanda ya yi karatun zaure zai tuna nafsul ammara da nafsul lawwama. Akwai kama, sai dai kada ku cakuɗa su a takardar jarrabawa, don Freud ba zancen lada da zunubi yake yi ba.

Ga inda malamai kan yi kuskure. Muna ɗauka yaron da muryar tsawa ta yi wa yawa shi ne mai tarbiyya. Ku lura da yarinyar da ke yage shafi gaba ɗaya saboda harafi guda, ko yaron da ya san amsa amma ba zai taɓa ɗaga hannu ba. Waɗannan ba ƙarin tsawa suke buƙata ba, ta cikinsu ma ta ishe su. Bulala kuwa tsoro take ƙarawa, kuma dokar ilimi ta Kamaru ta 1998, a sashe na 35, ta haramta dukan ɗalibi.

Matakan girma biyar ne a wurin Freud: na baki daga haihuwa zuwa wajen shekara ɗaya da rabi, na koyon bayan gida zuwa shekara 3, na gane bambancin namiji da mace zuwa shekara 6, sai lokacin lafawa daga 6 zuwa balaga, sannan balaga. Ku haddace don jarrabawa, amma kada ku gina aji a kansu. Nan ne hujjarsa ta fi rauni, don akasari daga labarin manya marasa lafiya a Biyana ya ciro su. Ga kuma gidan da ya ɗauka ma'auni: uba ɗaya, uwa ɗaya, da ɗa. Malinowski, masanin al'adun al'umma, ya nuna a tsibiran Trobriand na tekun Pasifik cewa kawu ne mai iko da yaro, ba uba ba, kuma a 1966 Marie-Cécile da Edmond Ortigues sun sake auna batun da aikinsu a asibitin Fann na Dakar. Gidan da ke da kishiyoyi, kakanni da ɗan riƙo ba zai shiga wancan ma'auni a sauƙaƙe ba.

Abin da ya fi amfanar malami ya fito ne daga 'yarsa Anna Freud, wadda ita kanta ta koyar a firamare. A 1936 ta tsara dabarun da zuciya ke kare kanta da su. Yaron da aka ci wa mutunci a gida da safe, bai isa ya rama kan babba ba, sai ya sauke a kan ƙarami lokacin tara. Wannan karkatar da fushi ke nan. Yarinya 'yar shekara 8 da ta koma tsotson yatsa ko fitsarin kwance bayan an yi mata ƙani, ko bayan iyalinta sun gudo daga yankin Kolofata, komawa baya ta yi, zuwa shekarun da take jin an kare ta. Malaman da ke koyar da yaran sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo su fi kowa sa ido kan wannan. Mai cewa malam ya tsane ni, wani lokaci nasa haushin ya jingina wa malam. Wanda ya ji tsoron faɗuwa CEP, jarrabawar kammala firamare, kuma sai ya ce ai takardar ba ta da amfani. Akwai guda mai kyau: juya ƙarfin zuwa abin kirki. Mai yawan faɗa, a ba shi kaftin ɗin ƙwallo ko kula da layin aji.

Sai abin da ake kira transfert: ɗalibi ya ɗora wa malami abin da yake ji game da mahaifinsa. Kun ɗaga murya kaɗan, ya ƙame, ba ku yake gani ba. Abin kan juyo ta ɓangarenku ma. In wani yaro na ba ku haushi fiye da laifinsa, ku tambayi kanku wa yake tuna muku.

To yaya ake aiki da shi? Ku fara da jiki kafin zuciya: yunwa, zazzaɓin cizon sauro, raunin gani ko ji, da harshe. Yaron da ya tashi da Fulatanci, Barbarci ko Mafa, ya haɗu da Faransanci ranar farko a SIL, shirunsa ba damuwa ba ce. In an kawar da waɗannan, ku ja layi uku a littafi: lokaci, abin da ya faru kafin halin, da abin da ya biyo baya. Ku cika na mako biyu. Galibi za ku ga abin yana da rana ko darasi, misali kowace Litinin, ko duk sanda aka ce a fito allo. Sannan ku kira yaron gefe, ba gaban aji ba, ku tambaye shi me ya canza a gida, ku bar shi ya yi magana. Ƙarami a ba shi takarda ya yi zane. Iyaye kuma a je musu da tambaya, ba da tuhuma ba.

Kada ku fassara wa yaro zuciyarsa, ku ce masa ai kishin ƙaninka kake yi. Zai musanta, ya kuma rufe baki. Kada ku laƙaba masa suna a ɗakin malamai, sunan zai bi shi har CM2. In kuma ya daina magana makonni, yana ji wa kansa ciwo, ko kun ga alamar cin zarafi a jikinsa, abin ya wuce aji: ku sanar da darakta a ranar, a haɗa shi da cibiyar lafiya ko ofishin jin daɗin jama'a mafi kusa.