Jiki ma yana da haƙƙinsa: abin da za mu ɗauka a yoga

(An rubuto wannan lacca daga rikodin jawabin da wani tsohon ma'aikacin jinya ya yi wa mutanen unguwa a Zongo, cikin garin Zinder.)

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa cikin wannan rana.

An ce in yi magana a kan yoga, kuma na ga wasu dattawa sun ɗaure fuska tun ban fara ba. To bari mu raba gardama. Yoga daga Indiya ta fito, tsohuwar al'ada ce ta miƙe-miƙen jiki da sarrafa numfashi, mai haɗe da addinin mutanen can. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni. A cikinta akwai gaisuwar rana da ambaton abin bautarsu. Wannan nasu ne, mun bar musu. Abin da nake so mu ɗauka shi ne ɗabi'ar mutum ya ware lokaci kullum ya saurari jikinsa tun bai kwanta ciwo ba. Wannan ba baƙon abu ba ne wurinmu. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Mu fara da baya, don shi aka fi kawo mini kuka a kansa. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram. Bido mai lita 25 kilo 25 ne cif. Dubi yadda yarinya ke ɗaukarsa: ƙafafu a miƙe, ta sunkuya, ta fizgo shi da hannu ɗaya, ƙugu ya karkace. Duk nauyin a ƙasan baya yake sauka. Hajiya, ki koya wa 'yarki ta matso kusa da bidon, ta durƙusa, bayanta a miƙe, ta rungumo shi jikinta, ta tashi da ƙarfin cinya. 'Yan garuwa ma haka. Bayan sallar asuba kuma, kafin rana ta yi zafi, a kwanta rigingine a tabarma, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, a riƙe ta har numfashi biyar, a sauya. A hankali. In ya yi zafi mai suka, a tsaya. Jiki ne ke cewa ya isa.

Sai numfashi, wanda masu yoga suka fi mu kula da shi. Ku gwada yanzu. Ɗora hannu a ciki, shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, cikin ya taso, ka sake ta kana ƙirga shida. (Dariya.) Malam, ba barci na ce ba. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya, shi ya sa yake taimakon mai fushi da wanda barci ya ƙi zuwa masa.

Yanzu samarin fada, na zo kanku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Amma daga nan zuwa Birni sai an tare kabu-kabu, a garin da iyayenmu suka taka kowane lungu da ƙafa. A zauna a benci tun magariba har ƙarfe biyu na dare, shayi na fari, na biyu, na uku, kowanne sukari kamar ba da kuɗi aka saye shi ba. Ban ce ku bar shayi ba, ni ma ina sha. Ku rage sukarin, ku tashi ku taka, ku kwanta da wuri. Mata kuma, hukumar ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga shi ana zuba uku a miya sannan a ƙara gishiri. Daddawa tana nan, ba ta yi wa kowa laifi ba.

Watan Afrilu da Mayu, da zafi ya wuce 40, kada a jira ƙishirwa. Duba fitsarinka: in ya yi ja-ja, ruwa ya yi ƙaranci.

(Wata mata ta tambaya ko wannan numfashin zai sa ta bar maganin hawan jini.)

A'a, Inna, kada ki bari. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na yawo awon jininsa ya kai 160 bai ji komai ba. In an auna ki sau da yawa ana samun 140 bisa 90 ko sama, kuma likita ya ɗora ki a magani, ki ci gaba da sha, ki haɗa da tafiya da rage gishiri. Likitan da ya rubuta shi ne kaɗai zai rage miki. Na zo da abin awo, bayan addu'a duk mai so ya same ni a zaure.