Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista, Kan Batun Mazajen Giginya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, barka da sauka a Sakkwato birnin Shehu. Ayyukanka sun riga ka isowa garin nan, ba sai mun lissafa ba. Allah ya ƙara girma.

Buƙatarmu ɗaya ce, da ita za mu fara: a gina wa mazajen Giginya wurin tunawa.

Ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fito da jama'arsa bayan ganuwa, a filin da ake kira Giginya, suka tari rundunar Kanar Morland. Su da takubba da masu da kibau, Nasara da igwa da manyan bindigogi. Ba a daɗe ana fafatawa ba, wannan ba mu musu. Amma akwai waɗanda suka tsaya gindin tuta suka ƙi gusawa har aka kashe su a nan. Sarki ya yi hijira gabas, talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar. A 1906 kuma aka shafe ƙauyen Satiru da ke kusa da nan, bayan mutanensa sun yi wa Nasara tawaye.

To yau ina alamarsu? Sunan Giginya dai yana kan filin wasa, yana kan barikin soja, har da otal. Tambayi yaro mene ne Giginya, ƙwallo zai ce maka. Mun rubuta takardu, mun sha zarya ofisoshi, kullum sai a ce ana dubawa. Dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu kuwa suna ta ƙarewa.

Ranka ya daɗe, ba mutum-mutumi muke so ba, mu nan ba mu san da wannan ba. Fili mai katanga muke roƙo, da bangon da za a rubuta sunayen da aka sani, da ɗaki guda na tarihi inda ɗalibai za su zo. A bar gefe ɗaya don 'ya'yanmu da suka kwanta dama a ƙasar Bama (Burma) lokacin yaƙin duniya na biyu da kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, domin kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, iyalansu su sami inda za su tsaya su yi musu addu'a.

Akwai zancen haƙƙin matan sojoji da marayunsu, wannan yana cikin takarda. Amma ginin nan, ranka ya daɗe, shi ne kukanmu. A taimaka a sa shi cikin kasafin kuɗin baɗi. Ga takardar da zanen ginin, sakatarenmu zai miƙa maka yanzu.

Allah ya mayar da kai gida lafiya. Wassalam.